Turmi Uku Babu Kisa

A farkon shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai yawon ganin ƙasashe, Hugh Clapperton, ya yi zaman makonni a Kano kafin ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai labarin ranar da ya sa wuri 2,000 don a kawo masa 'yan dambe ya kashe ƙwarƙwatar idonsa. Suka zo da makaɗa, mahautan gari na biye da su, aka buɗe fili, aka naɗe wa kowane ɗan wasa hannun dama da ƙyallen saƙi tun daga yatsu har wuyan hannu. Amma da yake an gaya masa abin kan kai ga rasa rai, sai ya kafa sharaɗin kada a yi da gaske, kuma da wasa ya ɗau zafi sai ya sa a raba. Sama da shekara 200 ke nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe zai gane abin da Baturen ya bayyana: mahauta, kiɗa, hannu ɗaya a ɗaure. Abin da ya hana kansa gani shi ne yadda wasan ke ƙarewa, da wanda ke cewa wane ya ci.

Ni mutumin Fakku ne, a ƙasar Kebbe, kudancin jihar Sakkwato, kuma dangin mahaifiyata rundawa ne. Damben da na tashi na tarar na kaka ne. Idan gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, kuɗi ya ɗan zauna a aljihun manomi, to lokacin mahauta ya yi. Ga bukukuwan aure, ga kasuwanni cike, ga dabbar yanka. Sai ka ga ayarin samarin rundawa sun taso daga wani gari da mai kalangunsu, yau suna Kuchi, jibi Margai ko Ungushi, wani zubin har Tambuwal da Jabo da Dogon Daji. Masaukinsu gidan Sarkin Fawa. Da rana a yi fawa, in la'asar ta yi sanyi ko wata ya fito a share fili, mai kalangu ya fara kiran mazaje da takensu ɗaya bayan ɗaya.

Dokar wasan ba ta da yawa, yaro ma ya san ta. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne na duka, ɗayan a buɗe yake don kariya da auna tazara. Ana yin turmi uku. Babu agogo, turmi kan ƙare idan zare ya kwance, ko 'yan wasa sun rungume juna sun ƙi saki, ko an ga sun daɗe suna zagaye ba wanda ya kai hannu, sai a raba su su sha iska. Wanda aka buga ya faɗi, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare nan take ko da a bugun farko ne. In kuwa aka gama turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su, kowa ya koma wajen mutanensa. Ko da ɗaya ya sha duka har fuska ta kumbura, ɗayan ko ƙwarzane babu, ba wanda zai ɗaga hannun wani. 'Yan kallo za su yi ta maganarsu a hanya, su ce wane ya sha da ƙyar, amma ba a rubuta masa faɗuwa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa magabata suka tsaya a kan wannan, kuma a ganina ba don sun rasa dabarar ƙirga naushi ba ne. Mutanen da ke lissafin wuri dubbai a kasuwa ba ƙirgen naushi zai gagare su ba. Dubi waɗanda ke cikin filin. Baƙi ne da 'yan gari, kowane ɓangare da jama'arsa, ga 'yan mata na kallo, ga makaɗi na zuga. Mafi yawansu mutane ne da wuƙa ce kayan sana'arsu, kuma gobe za su sake haɗuwa a wata kasuwar, su sayi sa ɗaya su raba. Irin wannan taro ba ya ɗaukar hukuncin da ke cikin kan mutum ɗaya. Sai hukuncin da baƙo da ɗan gari, da tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin fili, duk za su gani da idonsu lokaci guda. Faɗuwa ƙasa ita ce ta cika wannan sharaɗi. Inda kuma ba a samu abin da kowa ya gani ba, sai suka zaɓi a tashi ba gwani, maimakon a naɗa gwanin da rabin fili bai yarda da shi ba.

Kada wani ya ɗauka babu gardama a damben da. Akwai ta, har da zage-zage. Sai dai gardamar a kan abu ƙwaya ɗaya take: ya taɓa ko bai taɓa ba? Naushi ne ya kai shi, ko santsi ne, ko ture shi aka yi? An buge shi kafin a raba ko bayan an raba? Wani lokaci kuma a kan abin da ke cikin naɗin hannu, domin akwai masu cusa abin da bai kamata ba, ban da layu da kambu da tsagar magani waɗanda kowa ya san da su.

Akwai wani wasa da na gani ina yaro, da dare, ga hasken wata ga fitilun ƙwai. Wani baƙo daga wajen Gummi ya sa zare da wani ɗan garinmu. A turmi na biyu namu ya kai masa hannu a muƙamuƙi, baƙon ya yi baya taga-taga, ya sunkuya, hannunsa na hagu ya yi ƙasa, sai kuma ya miƙe. Fili ya ɗauki ihu, yara muka ruga ciki. Mutanen baƙon suka ce sam bai taɓa ba. Abin da na fi tunawa shi ne mai kalangun garinmu bai juya kiɗa zuwa taken mai nasara ba, ya riƙe hannunsa yana duban Sarkin Fawa. Aka kawo fitila, dattawa biyu, ɗaya namu ɗaya nasu, suka buɗe tafin baƙon suna neman ƙura. Mutumin da ya yi ta mulmula hannu a ƙasa kafin wasa, wace ƙura za a rasa a tafinsa? Ba su samu abin kamawa ba. Ɗan garinmu ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, wallahi na kashe shi." Sarkin Fawa ya ce a koma turmi. Aka koma, aka tashi babu kisa.

A hanyar gida ina ta huci, na ce wa ƙanen mahaifiyata, "Kawu, ai hannunai ya taɓa ƙasa, kowa ya gani." Ya ce, "Ɗana, kai da kake bayan mutane, mi kag gani? Ni ina gaba ban gani ba. In munka amshe kisan ga da ƙarfi, baɗi mu za mu garinsu." Kawuna ya yi dambe a ƙuruciyarsa, kuma ya fi ni son ɗan garinmu ya ci. Amma ya san baƙon da aka zalunta a Fakku yana da fili a garinsu.

Tarihin damben ƙasar Sakkwato a bakin makaɗa yake, shi ya sa kisa kawai aka adana mana. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ya ɗaukaka ɗan dambe Shago har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba, kuma har yau in dattawa suka zauna aka ambaci Shago da Ɗandunawa sai murya ta tashi. To amma makaɗi na wani ne. Ɗan Anace na Shago ne, da idon masoyi yake kallon fili, kuma ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Abin lura shi ne ko shi, da duk ƙaunar da yake yi wa gwaninsa, abin da yake lissafa masa mazajen da ya shimfiɗe ne. Ba a yi wa ɗan dambe kirari da cewa ya fi wane yawan kai hannu.

Su ma Turawa da haka suka fara. A tsohuwar dokar damben Ingila, tun daga wadda Jack Broughton ya tsara a 1743, turmi ba ya ƙarewa sai wani ya faɗi, a ba shi rabin minti ya dawo tsakiyar fili, in ya kasa an cinye shi. Da hannu tsirara ake yi, kuma ba a ƙayyade yawan turmi ba. A 1889 John L. Sullivan da Jake Kilrain sun yi turmi 75 a jihar Misisipi ta Amurka kafin mutanen Kilrain su ce ya isa. Dokar Queensberry da aka buga a 1867 ita ta kawo safar hannu, da turmin minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Daga baya aka ƙayyade yawan turmi, don jikin ɗan Adam da kuma masu sayen tikiti. Nan matsalar ta samo asali: ƙararrawar ƙarshe ta kaɗa, mutum biyu na tsaye, ga kuɗin caca a ƙasa, dole wani ya faɗi wanda ya ci. Abin ya dame su har jihar New York, daga 1911 zuwa 1917, ta hana a bayyana wanda ya yi nasara in ba a buge wani ba. Masu caca sai su jira jaridun safe su ga wanda 'yan jarida suka ba. Wato sun taɓa gwada irin tamu, kasuwa ce ba ta bar su sun zauna a kai ba.

Tsarin da suke bi yanzu shi ne alƙalai uku a gefe uku na dandali, kowa da takardarsa. Wanda alƙali ya ga ya fi a turmi ya ba shi 10, ɗayan 9. In an kai mutum ƙasa yawanci 10 da 8. A ƙarshe a tara. A takarda abin ya yi kama da lissafi, amma kowace lamba a cikinsa ra'ayi ce. Wani alƙalin mai kutsawa gaba yake so, wani mai kaucewa yana saƙa naushi mai tsabta. Kamar kintacen damman gona ne tun gero na tsaye: manoma uku masu gaskiya za su duba su faɗi adadi uku. In kuma aka samu marar gaskiya a cikinsu, ba ka da inda za ka kama shi. A gasar Olamfik ta Seoul a 1988, Roy Jones na Amurka ya saukar wa Park Si-hun na Koriya ta Kudu naushi 86, shi kuma ya samu 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka ba ɗan gida zinare. Kunyar wannan ta sa aka koma ƙirga naushi da na'ura tun daga 1992, ita ma aka yi watsi da ita, aka ɗauko tsarin goma, sai ga shi bayan gasar Rio ta 2016 an dakatar da alƙalan damben gasar su 36 gaba ɗaya. A watan Maris na 1999 a New York, kusan duk wanda ya kalli Lennox Lewis da Evander Holyfield ya ga Lewis ya fi, amma alƙali ɗaya ya ba shi 116 da 113, ɗaya ta ba Holyfield 115 da 113, na ukun ya ce 115 da 115.

Wasan da ya shigo har majalisun shayinmu shi ne na ranar 28 ga Oktoban 2023 a Riyad ta Saudiyya. Francis Ngannou, ɗan Kamaru wanda bai taɓa yin damben safar hannu na ƙwararru ba, ya kara da Tyson Fury, zakaran duniya na masu nauyi wanda a lokacin ba a taɓa cinye shi ba. A turmi na uku Ngannou ya sa masa hagu, Fury ya zube. Ya tashi kafin a ƙirga goma, aka ci gaba har turmi goma. Alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95 da 94, ɗaya ya ba Fury 96 da 93, na ukun ya ba Fury 95 da 94. Kashegari ɗan guntun bidiyon faɗuwar na yawo a wayoyi daga Tambuwal har ƙauyukanmu, kuma duk wanda ya gani maganarsa ɗaya: an kashe mutum a gaban duniya, an kuma ɗaga hannunsa.

Na zauna na warware lambobin. In aka ba Ngannou 10 da 8 a turmin faɗuwa, mai 96 da 93 ya ba Fury turmi bakwai ke nan, mai 95 da 94 ya ba shi shida, wanda ya ba Ngannou nasara kuma ya raba musu biyar-biyar. Ashe duk hayaniyar a kan turmi guda take, minti uku da ba wani abin kirki aka yi a cikinsu ba, wanda da alƙali na uku ya karkata shi ɗaya gefen da Ngannou ya ci. Ba na cewa an yi sata. A dokarsu faɗuwa maki biyu ce, Fury kuma ya shiga ne da sanin yana da turmi goma da ƙirgen goma. Da an ce masa taɓa ƙasa ɗaya ya gama, da wani irin taku zai yi. Ni dai na ba Ngannou, kuma na san mai gaskiya zai iya ba Fury. Wannan shi ne abin da ke damuna da tsarin. Mutum biyu sun zubar da gumi rabin sa'a, a ƙarshe abin da ya raba su bai faru a gaban 'yan kallo ba.

Dalilin da ya sa na ɗauko duk wannan shi ne dambenmu ya kama hanyar da nasu ya bi. Ya bar kaka ya koma na kullum, ya bar filin ƙauye ya shiga gidan dambe mai ƙofa da kuɗin shiga: dandalin Ado Bayero a Kano, gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, Marabar Nyanya a jihar Nasarawa. Ba sai ɗan mahauta ba, kowa na ɗaura zare. Gari da gari ya zama ɓangare da ɓangare, Arewa da Kudu da Guramada. Ana sa babur, ana sa mota. Dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa, kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors suna ɗaukarsa suna nuna wa miliyoyin mutane a YouTube, kuma a wasu gasannin zamani an shigo da agogo, da rukunin nauyi, da alƙalan da ke ba da maki in ba a yi kisa ba. A wajenmu kuwa fili ya yi sanyi. Samari sun tafi birane, wa'azi ya rage kiɗa, rashin tsaro a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Zamfara da Kebbi ya sa taron dare ya zama abin tsoro. Yaron Fakku na yau a waya ya fi ganin dambe, kuma dokar da ya gani a wayar ita zai ɗauka ta gado.

Masu son maki suna da hujja, ba na raina ta. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya ga manya biyu suna zagaye juna turmi uku, kowa na tsoron zubar da suna, an cuce shi. Akwai kuma masu haɗa baki su tashi babu kisa su raba abin da aka liƙa musu. Mota ɗaya ba ta rabuwa biyu, dole a samu mai ita. Sannan in an san maki na iya ba da nasara, ba dole sai an nemi kan mutum da dukan da zai sumar da shi ba, wannan kuma magana ce ta rai da lafiya. Duk na yarda. Amma maganin mai gudun wasa gargaɗi ne, in ya maimaita a fitar da shi a hana shi kasonsa, kuma wannan abu ne da 'yan kallo ke gani da idonsu. Maganin haɗin baki kada a sake gayyatar su. Maganin rauni likita a bakin fili, da awon nauyi don kada a haɗa ƙato da yaro, da duba naɗin hannu a gaban wakilan ɓangarorin biyu, da hutun dole ga wanda aka sumar. Waɗannan duk mu ɗauko su daga Turawa hannu bibbiyu. Tsohuwar gardamar ya taɓa ko bai taɓa ba ma yanzu ta samu magani, tunda babu wasan da ba a ɗauka da waya; abin da dattawan nan biyu suka nema da fitila a tafin baƙo, yau sai a mayar da hoto baya a gani.

Wasan da ya ƙi rabuwa kuma, a sake shi. Ko a damben Turawa abin da ke kwantar da gardama ke nan. Dick Tiger namu na Nijeriya ya karɓe kambun duniya na matsakaita nauyi daga hannun Gene Fullmer a 1962. Suka sake haɗuwa a Las Vegas a watan Fabrairun 1963, turmi 15, alƙalai suka ce kunnen doki, kowane ɓangare na cewa shi aka zalunta. Ranar 10 ga Agustan wannan shekarar aka kawo su filin Liberty na Ibadan, Tiger ya yi masa dukan da bayan turmi na bakwai Fullmer bai sake fitowa ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen Las Vegas.

Kirana ga masu gidajen dambe, da shugabannin ɓangarori, da hukumar wasanni ta jihar Sakkwato, da sarakunan fawa na Kebbe da Tambuwal waɗanda wannan abu gadonsu ne: ku zauna ku rubuta dokar dambe da Hausa tun waɗanda suka yi shi a filin kaka suna raye. Ku sa likita, ku sa sikeli, ku sa mai duba bidiyo. Amma kada ku ba mutum uku takarda su zaɓa mana gwani. A wasan ƙarshe na gasa a ƙara turmi, in dare ya yi ba a yi kisa ba a ajiye makullin motar a hannun Sarkin Fawa, a sa musu wata rana.